Matatar Baƙin Mai: Kayan Jaka Biyu Da Suka Kusa Raba Ni Da Gidan Maigidana

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina sayar da kayan gyaran babur da na mota a Wagadugu, amma sai da na kusa zama sanadin ran ɗan mutane kafin na san abin da ke cikin matatar baƙin mai. Ina nufin 'yar abar nan da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa filta. Allah kaɗai ya san adadin da na sayar da hannun nan nawa, ban taɓa yanka ko ɗaya na leƙa cikinta ba. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari. To amma na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla sana'armu ɗaya, wasu kuma suna da samari a gida waɗanda babur ya shiga ransu.

Daga Maradi na zo ina saurayi, na sauka Zangetin, tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar gari, a gidan wani Alhaji da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Shi ya ba ni jarin farko. A shekarar 2003 abu biyu suka faɗo mana: gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko cikin watan Mayu, aka kuma rushe unguwarmu saboda aikin ZACA. Jama'a suka watse, wasu suka yi wajen Ouaga 2000, ni kuma daga baya na samu wuri a unguwar Zongo, yamma da gari ta wajen hanyar Bobo. Nisa ya shiga tsakaninmu da Alhaji, amma ba ranar Juma'ar da ba na zuwa gaishe shi.

Autan Alhaji a gabana aka haife shi, Yaya yake ce mini. Tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta babur. A garin nan kuwa ba abin mamaki ba ne, don a Wagadugu babur shi ne ƙafar kowa, mace da namiji, tsoho da yaro. Da ya fara samun kuɗin kansa sai ya sayi wani babur ɗan Japan na hannu, mai inji 250, irin dogayen nan masu tsallake tudu, yana zuwa fili bayan gari ranar Lahadi suna tsere da abokansa. Alhaji bai so ba, amma da ya ga a fili ake yi, da hular kwano da takalmi, ba kan titi cikin jama'a ba, sai ya ƙyale shi.

Ranar da abin ya faru

Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura 40, yaron ya shigo shagona da tsohuwar matata a leda.

"Yaya, irin wannan nake so. Gobe akwai fita, yau zan yi juye."

Ta kamfanin babur ɗin ba ni da ita. Amma akwai wani katan da wani dillali ya kawo mini, kwali ja mai sheƙi, an zana tuta irin ta tsere, an rubuta cewa ta masu tsere ce. Na ciro ɗaya na gwada da tasa. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, rami ɗaya.

"Ga ta nan, ƙanena. Wannan ma ta fi taka, ka ga an rubuta ta tsere ce."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Ya ba ni jaka biyu, na ce ya bar shi, ya ce a'a, kasuwa daban zumunci daban. Na karɓa.

Lahadi bayan la'asar aka kira ni. Yana cikin gudu injin ya cije, tayar baya ta ƙame, babur ya yi jifa da shi. Allah ya tsare, hular kwano ta yi aikinta, amma ya karye a kafaɗa. Da na je asibiti na tarar da Alhaji zaune a benci da carbi. Na yi masa jaje, ya amsa, ba wanda ya kawo maganar matata a cikinmu, don a lokacin ba wanda ya sani.

Kwana uku bayan haka makanikin yaron ya aiko a kira ni. Dattijo ne ɗan ƙabilar Mossi, ya iya Hausa tun zamanin Zangetin. Na tarar ya kwance kan injin ya shimfiɗa kayan a buhu. Ya miƙo mini wata aba baƙa, a murɗe kamar tsumman da aka matse.

"Alhaji, a wurinka aka sayi wannan?"

Na duba, na gane ta. Gam ɗin da ya riƙe takardar da murfinta ya saki saboda zafi, takardar ta lotse ta yage, gutsattsarinta suka bi mai suka toshe 'yar hanyar da ke kai mai saman injin. Kamshaf ya yi ta juyawa a bushe har ya cije. Na tsaya riƙe da ita, gumi yana karyo mini. Kayan jaka biyu sun kashe injin da gyaransa zai ci ɗaruruwan jaka, sun kuma kwantar da ɗan mutumin da ya ba ni jari.

Abin da makaniki ya koya mini

Na ce wa dattijon nan ya koya mini abin da ya kamata in sani tun shekara talatin. Ya yi dariya ya ce in kawo kowace iri da nake da ita a shago, da zarto. Muka kwashe yammaci guda muna yankawa.

Ga yadda abin yake. Famfo yana ɗebo baƙin mai daga ƙasan inji ya tura shi ta cikin matata, sannan ya wuce wurin ƙarafan da ke gogar juna. Tsakanin waɗannan ƙarafa ratar ba ta kai kaurin gashin kai ba, man ne ke shiga ya raba su. Ana auna datti da wani ma'auni da ake kira maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Gashin mutum yana kai wajen maikiron 70. Dattin da ke cin inji sannu a hankali ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ido ma ba ya ganinsa. Matatar mota ta kirki tana kama na wajen maikiron 20 zuwa 30. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1923 wani Ba'amurke mai suna Ernest Sweetland da abokin aikinsa suka fito da matatar da suka sa wa suna Purolator. Irin ta gwangwani da ake murɗawa kuwa ta zo cikin shekarun 1950.

Injin tsere wahalarsa daban ce. Motar gida tana tafiyarta a juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti, da mai wajen lita huɗu a cikinta. Babur irin na yaron nan yana haura juyi 12,000 a minti, man da ke cikinsa kuma bai cika lita ɗaya ba. Ga shi a yawancin babura man nan ɗaya ne ke wanke kuloci da giya, duk garin da kuloci ke saki cikinsa yake zuba. Ƙara da jar ƙurar garin nan da ta hunturu. Mai kaɗan, zafi mai yawa, datti mai yawa, gudu kuma ba sassauci. Shi ya sa masu irin wannan babur ba sa lissafin juye da kilomita, da awoyin da injin ya yi yana aiki suke yi, kamar yadda littafin kamfani ya tsara.

Nan na tuna wani abu da na gani a watan Janairun 2000, lokacin da tseren Dakar ya ratso ta nan daga Bobo Julaso zuwa Yamai, shekarar da aka nufi Alƙahira. Mun je kallo inda suka yada zango. Makanikansu ba sa barci, kuma na ga suna cire matatun da a idona sababbi ne suna jefarwa. Na ce a raina Turawa da almubazzaranci. Ashe su suka san abin da suke yi.

Da muka yanka, bambancin a fili yake ko ga wanda bai san komai ba. Ta kirki takardarta ninki-ninki ce, a jere daidai, da yawa, in ka warware ta sai ta yi tsawo. Gam ɗinta ya kama ko'ina, akwai bututun ƙarfe mai huda a tsakiya da ke hana ta lotsewa. Ta jan kwalin nan kuwa ninkin bai kai rabi ba, wani wuri a matse wani wuri a wage, na sa farce na ɓamɓare murfin kamar ɓawon gyaɗa. Akwai wata ta mota da muka yanka, a waje ba ka raba ta da ta asali, har sunan wani babban kamfani an buga mata, amma bawul ɗin cikinta hoto ne kawai, ba ya motsi.

Wannan bawul yana da muhimmanci, bari in yi bayaninsa. Idan mai ya yi kauri da sanyin safiya, ko takarda ta cika da datti, ko an take wuta famfo ya turo mai fiye da yadda takardar za ta iya wucewa da shi, akwai wata 'yar ƙofa mai sifirin da ke buɗewa mai ya zagaye ya wuce. Hikimar ita ce gara mai da datti da babu mai sam. Kowane inji da ƙarfin da aka tsara ƙofarsa ta buɗe. In sifirin ya yi laushi, ƙofa na buɗe kullum, mai yana yawo ba tacewa, kai kana ganin kana da matata. In ya yi tauri ko babu shi, ranar da takarda ta toshe inji zai yi ƙishi. A wasu injuna ƙofar tana jikin matata, a wasu tana jikin injin kansa. Ka ga ke nan matata biyu za su iya zama tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, amma ba su gāji juna ba. Wannan shi ne kuskurena na farko: da ido na gwada.

Kalmar "ta tsere" a jikin kwali

Kuskurena na biyu shi ne yarda da rubutun kwali. Kowa na iya zuwa wurin mai buga kwali ya ce a zana masa tuta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Amma ko ta tseren ta gaskiya, sai an fahimci abin da aka yi ta dominsa. Abu uku ake nema a wurinta: ta bar mai ya wuce da yawa, ta jure matsi ba ta fashe ba, ta jure zafi da jijjiga. Don haka gwangwaninta ya fi kauri, gindinta ya fi nauyi. Wasu an yi musu kan noti mai huda inda ake zura waya a ɗaure, don a wuraren tsere da yawa ba a barin babur ya shiga fili sai an ɗaure matata da notin juye da waya, gudun kada su kwance mai ya zuba a taya. Sai dai da yawa cikinsu, don mai ya wuce da sauri, idon tacewarsu ya fi faɗi. Wasu ma ragar ƙarfe ce da ake wankewa a mayar. Mai tsere bai damu ba, don yana gama fita zai zubar da man. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saboda haka wanda ya ɗauki irin wannan ya sa a motar da yake lodi zuwa Puytenga ko Fada, yana wata uku bai yi juye ba, cikin ƙurar nan tamu, cutar kansa ya yi da kuɗinsa. Ta tsere ba ta fi ta gida ba, aikinsu ne ya bambanta. Shi ma babur ɗin tsallake tudu, makanikin ya ce mini, ta takarda ta kamfaninsa ko ta sanannen kamfanin da ya buga lambar wannan injin ta ishe shi, in dai ana canzawa a kan lokaci.

Wani abin kuma, ba kowane babur ne ke da matatar da ake saye ba. Tsofaffin P50 da aka riƙa haɗawa a Bobo, da sauran masu shan mai gauraye da fetur, ba su da ita sam. Honda CG 125 da yawancin ƙananan baburan da aka kwaikwayi injin Honda, 'yar raga ce gare su a ƙasa da wata ƙwarya mai juyawa da ke wurga datti gefe, wankewa ake yi. Amma Yamaha 135 da samarin garin nan ke ji da shi yana da ta takarda, kuma da yawa sai su yi juye sau biyar ba su taɓa ta ba.

Yadda nake zaɓa yanzu

Tun daga ranar na sa wa kaina ƙa'idoji, ga su ga mai so.

Na farko, lamba nake bi, ba ido ba. Kowane inji yana da lambar matatarsa a littafinsa, manyan kamfanoni irin su Mann-Filter da Mahle da Purflux da Bosch, da Hiflofiltro da K&N a ɓangaren babur, duk suna da jerin da ke nuna wacce ta dace da wane inji. Yaron shagona yana duba mini a waya cikin minti ɗaya. In lamba ba ta fito ba, ba na sayarwa, ko mai saye ya rantse ta yi daidai.

Na biyu, a ta gwangwani ina duba zaren murɗawa. Akwai guda biyu da suka yi kama ƙwarai, 3/4-16 da M20x1.5. Ta biyun tana iya hawa kan ta farkon ta yi kamar ta kama, sai an take wuta matsi ya tashi ta fincike, man inji ya ƙare cikin ƙiftawa da bismilla.

Na uku, ba na cinikin biri a sama. Duk sabon katan, ko daga Lome ya zo ta Sinkanse, ko daga Legas, ko Dubai, ko Gwanju, sai na yanka ɗaya a gaban mai kawowa. Ina ƙirga ninki, in ja gam, in danna bawul in ji sifirin ɗinsa. A ta mota ina duba robar da ke bayan ƙananan hudojin gindi, wadda ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. Mai launin ja ko ruwan goro yawanci silikon ce, ta fi baƙar jure zafi. Dillalin da ya ɓata rai don na yanka kayansa, ya riga ya ba ni amsa.

Na huɗu, in kwali ya ce tana kama maikiron kaza, ina neman kashi nawa cikin ɗari. Ko gidan sauro yana kama ƙura jefi-jefi. Kamfanin kirki zai ce, alal misali, kashi 99 cikin 100 a maikiron kaza, ya kuma ambaci gwajin da aka yi, irin na ISO 4548.

Na biyar, farashi. In ka san abin da ta asali take a sari, wani ya kawo maka a kashi ɗaya cikin uku da suna iri ɗaya, ba garaɓasa ka samu ba. Araha ba ta ado.

Sai kuma ɗaurawa, don matata mai kyau a hannun gaggawa ita ma tana kashe inji. Ta cikin babur tana da gaba da baya, a wasu baburan in aka juya ta mai ba ya wucewa ko ɗigo, don haka a duba yadda tsohuwar ta fito da rubutun da ke jikinta. A canza robar murfi. A ta gwangwani a tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, don roba biyu a haɗe fashewa suke yi. A shafa wa sabuwar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara wajen kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikinta. A tada inji a bar shi a silo, a duba yoyo kafin a hau. Kuma kar a manta da iyakilina, don yawancin ƙurar da ke shiga mai ta hancin inji take bi.

Gaban Alhaji

Abin da ya fi yanka matata wuya shi ne zuwa gidan Alhaji. Makanikin ya ce shi ba zai faɗa wa kowa ba, in na so a ce tsufan inji ne. Na kwana biyu ina juya maganar. Ranar Juma'a na sa lotsattsiyar matatar a aljihu na tafi. Bayan mun gaisa na ajiye ta a kan tabarma gabansa.

"Baba, wannan ce ta kayar da yaron nan. Ni na sayar masa, ni na ce masa ta fi tasa."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ka san jabu ce ka ba shi?"

"Ban sani ba, Baba."

"To me ya hana ka sani? Ba sana'arka ba ce?"

Ban da amsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce zan ɗauki gyaran injin gaba ɗaya, ya ce rabi zan biya, don shi ma yaron ya san baburinsa ba na wasa ba ne, bai kamata ya bari sai daren fita ya nemi kaya ba. Ya ƙara da cewa sauran katan ɗin fa? Na ce yana shago. Ya ce kar ya ji an sayar da ko ɗaya, ko an mayar wa dillali ya kai wa wani.

Arba'in da bakwai suka rage. Na kira yaran shago muka bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Dillalin ya zo karɓar cikon kuɗinsa, na nuna masa yankakkiyar, ya rantse shi ma haka aka ba shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Haka abin yake tafiya, daga hannu zuwa hannu kowa yana cewa bai sani ba, har ta isa cikin injin ɗan wani.

Yaron ya warke, ya koma filinsa, sai dai kafaɗar tana yi masa tsami lokacin sanyi. Har yanzu wurina yake sayen kaya, yanzu kam da sati guda kafin fita yake aiko da lamba. Yankakkun matatun nan biyu, ta kirki da ta jan kwali, na ɗaure su da waya na rataye a bakin shago. Mai saye in ya ce ta wane shago ta fi tawa araha, ba na jayayya, sai in ciro su in miƙa masa ya riƙe da hannunsa.

'Yan'uwa masu sayar da kayan da ke rufe, ko matata ce, ko birki, ko baƙin mai a galan, mai saye ba kayan yake gani ba, fuskarka yake gani. A sayi zarto. Allah ya ba mu na halal, ya tsare mana zuri'a a kan hanya da bayan gari, amin.